Wakiliyar Baba Sale ta tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya same ni a ofis da safiyar nan, ina shirin shiga taro da manyan likitoci. Sista Rahila ta rasu.

Ni ne Farfesa Abubakar, shugaban Cibiyar Binciken Lafiyar Dattawan Afirka mazauna Amurka. Ba kasafai nake rubutu a dandalin nan ba, ayyuka sun yi mini yawa. Amma yau na sallami sakatare, na ce a ɗage taron, na rufe ƙofa. Ku daure ku karanta har ƙarshe.

'Yarta Nanret ce ta kira ni daga Bowie. Ta ce, "Kawu, Mama ta tafi."

Na ce, "Ta tafi ina?"

Sai yarinyar ta fashe da kuka.

Tun ɗazu nake zaune. Shayina ya huce ban taɓa shi ba.

Yaran da aka haifa a ƙasar nan sun san ta a matsayin tsohuwa mai sanda, wadda ke cusa musu cincin a aljihu ranar suna. Mu kuwa mun san ta tun shekarun tamanin, nas 'yar Filato, gajera, mai farin takalmi, tana tafiya kamar an ce mata tukunya na ƙonewa a gida.

A lokacin ban zama Farfesa ba tukuna. Da rana ina wanke motoci, da yamma ina koyon ɗinki. Ina kwana a ɗakin ƙasa na wani gida a Takoma Park, ni da Baba Sale.

Baba Sale mutumin Zariya ne, kuku. Wani Bature malamin gona ya taho da shi ƙasar nan tun ina rarrafe. Da Baturen ya mutu, Baba ya koma girki a otal, har ƙafafunsa suka gaji ya yi ritaya. Matarsa ta rasu tun a gida, Allah bai ba su haihuwa ba. Amma duk saurayin da ya sauko daga jirgi ba shi da masauki, ɗakin Baba ake nuna masa. Akwai wani babban likita a Mitchellville, akwai wani injiniya a Bowie, duk sun kwana a kan tabarmarsa, sun ci tuwonsa. Ba ya cewa "yaran nan". "'Ya'yana" yake cewa.

Ni kuwa aikina tsokana. Allah Ya ba ni iya kwaikwayon murya. Sai in ɗaga waya in zama jakada, in sa magidanci ya zura babbar riga ya zauna jiran baƙon da ba zai zo ba.

Baba ma bai tsira ba. In ya cire takalmi zai yi salla, sai in lallaɓa in matsar da ƙafa ɗaya gefe. Da can ko juyowa ba ya yi, sai dai ka ji, "Garba, mayar." Haka suke kirana a lokacin.

Sai aka wayi gari ya daina cewa in mayar. Takalmi na nan a gefen hagunsa, bai kai kamu ɗaya ba, amma sai ya yi ta lalube, yana juya kai gaba ɗaya kamar kaza. Ni a tunanina gwanintata ce ta ƙaru.

Sista takan zo ranar Asabar da kular gwaten acca, ta duba jinin Baba, ta zage ni a kan ƙazantar ɗaki. Ran nan na ba ta labarin takalmi ina ƙyaƙyata dariya.

Ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Gefen hagu? Kullum?"

Na ce kullum.

Ta je ta tsaya a gefen hagun Baba, ta ɗaga hannu. "Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

Ya ce, "Ki zo gabana mana, 'yata. Ana gai da babba ta gefe?"

Ta ce ya kawo kwalbar maganin idonsa. Ashe tuntuni likita ya gaya masa yana da hawan jinin ido, ciwon nan da ke cin gani daga gefe a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. An ce ya riƙa ɗiga magani safe da yamma. Kwalbar da ya kamata a ce ta ƙare tun da daɗewa, ga ta nan ko rabi ba ta yi ba.

"Baba, yaushe kake ɗigawa?"

"Ranar Juma'a. Ta fi albarka."

Ta dube shi, ta dube ni. Duk mun san ba albarka ba ce. Maganin tsada gare shi, kuɗin fanshonsa kuwa haya ke lamushewa.

Nan ta zaunar da mu ta yi bayanin da har yau ban ji wani masani ya yi kamarsa ba. Ta ce Baba yana da katin tsofaffi na gwamnatin tarayya, wanda ya samu saboda shekarunsa da aikin da ya yi. Wannan katin yana biyan kwanciya asibiti da kaso mai tsoka na kuɗin likita. Amma yana bar maka ragowa, kuma a wancan zamanin ba ya saya maka maganin da za ka tafi da shi gida. Akwai kati na biyu, na jiha, na masu ƙaramin ƙarfi. Tsohon da samunsa bai taka kara ya karya ba yana iya riƙe duka biyun. Na farko ya fara biya, na biyu ya share ragowar, ya sayi magani.

Ta ce, "Kai tela, bari in faɗa maka da yarenka. Baba yana da riga, ba shi da wando."

Baba ya ce, "A'uzubillahi, Rahila!"

Amma ya yarda zai je ofishin jin daɗin jama'a na gunduma. Sista tana aiki ranar, don haka ni na kai shi.

Ku saurari yadda muka je neman katin masu ƙaramin ƙarfi.

Baba ya ce ba a zuwa ofishin hukuma a wulaƙance. Ya fito da babbar rigarsa mai aska takwas, ni na goge ta da hannuna. Ya kafa hula, ya zuba turare har maƙwabta suka leƙo. Ya sa na aro motar likitan Mitchellville, ya ce in gaya wa likitan za mu gaisuwa ne. Muka sauka a ƙofar ofis, mai gadi ya buɗe mana ƙofa da hannu biyu.

Matar da ta karɓe mu dattijuwa ce, baƙar fata, da tabarau a kan hanci. Ta yi mana fara'a. Baba yana jin Turancinsa na kicin, ba ya bukatar tafinta.

Ta ce, yaya rayuwa, akwai abin da ya gaza?

Ya ce, lafiya lau, komai akwai, sai godiya.

Ta ce, akwai masu taimaka masa?

Ya gyara zama. Ya ce 'ya'yansa ba su ƙirguwa. Akwai likita, akwai injiniya, ba sa barinsa ya nemi komai.

Ta ce, yana da gida?

Ya ce, akwai gidanmu a Bowie, akwai gidanmu a Mitchellville, duk inda ya ga dama nan yake kwana.

Baiwar Allah tana ta rubutawa. Da ta gama ta ce to, sai ya kawo takardun gidajen nan, da bayanin abin da kowane ɗa yake ba shi. Ta ƙara da cewa, yadda ta ji bayanin nan, da wuya ya cancanta.

Muna fitowa Baba ya ce, "Ka ga yadda ta girmama ni?"

Bai yi ƙarya ba fa, a wurinsa. Haka aka koya mana. In an tambaye ka, lafiya lau ce. Ɗan da ya ci tuwonka ɗanka ne. Gidan ɗan garinku gidanku ne. Matar kuma ba ta yi laifi ba, abin da aka faɗa mata ta rubuta.

Da Sista ta ji, sai da ta zauna a kan bokiti.

Na ce ta kwantar da hankalinta, gobe zan buga wa ofishin waya da muryar jakada, in ba su umarni.

Ta nuna ni da cokali. "Ka kuskura, Garbati, sai na ɗinke maka baki da zaren asibiti. Mutumin nan ba ya bukatar ƙarya. Gaskiyarsa kaɗai ta isa ta samo masa katin nan. Faɗinta ne ba ya iyawa."

Ta juya wajen Baba, ta yi lallashi, ta yi faɗa. Ta ce ba bara ba ce, shekara da shekaru ana yankar haraji a albashinsa.

Ya bari ta gama. Sannan ya ce, "Rahila, tun da na zo ƙasar nan ban taɓa buɗe baki na ce wa wani ba ni da shi ba. Allah Ya rufa mini asiri, ni kuma in je in yaye da bakina a gaban baƙuwa? Gara idon."

Za ku ce me ya hana a gaya wa likitan Mitchellville ya riƙa saya masa. Wallahi da ya sani da ya saya har da na shekara. Baba ne ya rantsar da mu. Ya ce yaron da ya ci daga tukunyarsa ba zai ji cewa tukunyar ta bushe ba. Sista ta sayo kwalba ɗaya da kuɗinta, ya karɓa da ƙyar, ya ce ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe.

Akwai Alƙur'aninsa rubutun hannu, cikin gafaka, da ya taho da shi daga Zariya. Kullum bayan asuba sai ya buɗe. Da Sista za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta nuna gafakar.

"Wannan fa, Baba? In idon ya tafi, wa zai karanta maka? Garbati?"

Baba ya jawo gafakar kusa da shi. Ni kuwa, karon farko a rayuwata, ban sami abin tsokana ba.

Asabar ta zagayo, sai ga ta ba kular gwate. Ta zo da maigidanta Malam Bitrus, ta sha zane da ɗankwali kamar mai zuwa biki, da ƙullin goro da ta samo a shagon 'yan Afirka. Ta durƙusa ta gai da Baba, ta ajiye goro a gabansa.

Baba ya ce, "Lafiya? Garba aka samo wa mata? Wace marar sa'a ce?"

Ta ce, "Tambaya na zo yi. Baba, lokacin da ka je neman auren marigayiya, kai ka buɗe baki ka ce a ba ka?"

Ya ce, "Haba! Ni? Ina ni ina magana a gaban surukai? Kawuna ne ya yi magana. Ni ko wurin ban zauna ba."

"Da aka tambayi abin da kake da shi da wanda ba ka da shi, wa ya amsa?"

"Kawuna mana. Ai shi ne wakili."

"Mutuncinka ya zube?"

"Ya zube a ina? Ai mutuncin ke nan. Mai mutunci ba ya nema da bakinsa."

Ta ce, "To, na tambaya a ofishin nan. Su ma sun san wakili. Dokarsu ta yarda tsoho ya naɗa wanda zai yi magana a madadinsa. Ga goro, ga shaidu biyu. Ka wakilta ni."



Baba ya kalli goron, ya kalle ta. Ya ce, "Wakili mace? Kuma ma..."

Ta ce, "Kuma Kirista. Faɗi, Baba, kada ta maƙale maka a wuya."

Malam Bitrus ya tuntsire da dariya har da tari. Baba ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ya ɗauki goro ɗaya, ya ɓare, ya miƙa mata rabi.

Ya ce, "Rahila, na wakilta ki. Na wakilta ki. Na wakilta ki."

Ta ce, "Na karɓa."

Ni na yi fatiha, tunda ni ne malamin wurin. A lokacin dai ban zama Farfesa ba.

Muka koma ofishin. Baba ya sake zura aska takwas, Sista ba ta hana shi ba. Motar likita kawai ta hana, muka shiga bas. Matar nan mai tabarau muka sake samu. Baba ya sa hannu a takardar wakilci, ya koma kujerar gefe ya sunkuyar da kai kamar ango.

Sista ta faɗi komai. Ɗakin ƙasa na haya. Fansho. Kwalbar da ake ɗigawa ranar Juma'a. Ina kallon hannun Baba yana jan carbi da sauri da sauri.

Sai matar ta cire tabarau, ta juya wajen Baba kai tsaye. Ta ce, wancan zuwan ya gaya mata yana da gidaje biyu da 'ya'ya masu ɗaukar nauyinsa. Yau kuma ta ji wani abu dabam. Tana so ta ji daga bakinsa, wanne ne gaskiya?

Na san Baba. Na ga ya ɗago kai, ya gyara wuyan riga, irin gyaran da yake yi in zai ce komai akwai.

Sista ba ta dube shi ba. Ta ce wa matar, a hankali, a garinmu duk yaron da ka ciyar ɗanka ne, duk gidan da za a buɗe maka ƙofa gidanka ne. Mutumin nan ya ciyar da rabin samarin da suka zo daga ƙasarmu. Bai haifi ko ɗaya ba, ba shi da ko bulo ɗaya.

Matar ta ce ta ji, amma dole shi ya tabbatar.

Baba ya sauke hannu daga wuyan riga. Sannan ya ce, da Turancinsa na kicin, "Abin da wakiliyata ta faɗa, shi ne."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce ba shi da shi ba. Bai kuma yi ƙarya ba.

Matar ta mayar da tabarau. Ta ce kakanta ma haka yake, ko yunwa na kashe shi sai ya sa kwat ya ce ya ƙoshi. Ta ja layi a kan tsohon rubutun ta soma sabo.

Katin ya zo. Sista ta zagaya da kanta ta nemo likitan ido da kantin magani da ke karɓar katunan biyu, don ba kowa ke karɓa ba. Ta koya mana cewa kafin ka zauna a kujerar likita, ka fara tambaya. Da wani ɗan talla ya zo zai sayar wa Baba inshora ta uku, ita ta raka shi har bakin titi, tana gaya masa mai riga da wando ba ya bukatar a sayar masa da wani wandon.

Ni aka ɗora wa ɗiga magani, safe da yamma. Don in iya karanta abin da ke jikin kwalba, ta zaunar da ni ta koya mini haruffan boko, da duka a ƙeya.

Gefen hagun da ya tafi bai dawo ba. Amma Baba Sale ya karanta Alƙur'aninsa da idonsa har shekarar da ya koma ga Allah. Kuma likitan Mitchellville bai taɓa sani ba. In yana karanta wannan, Dakta, ka yi haƙuri, rantsuwa ce, kuma masu ita sun tafi, saura ni.

Daga nan sunan ya bi ta. Wakiliya. Iyayen da 'ya'yansu suka kawo, tsofaffin direbobi, Musulmi da Kirista, duk wanda kunya ta hana shi magana sai a ce a kira Wakiliya. Ba ta taɓa karɓar komai ba sai rabin goro. Kuma ba ka taɓa jin sirrin wani a bakinta.

Watan jiya na je duba ta a Bowie. Ta rame, amma idon nan na nan.

Ta ce, "Garbati, ka kusa shekarun katin tsofaffi. Yaya jiki, yaya kasuwa?"

Na ce, "Lafiya lau, Sista. Komai akwai."

Ta ce, "Ka ji shi. Baba Sale ya dawo." Ta ƙwala wa Nanret kira. "Kawo goro. Kawunki zai naɗa wakiliya."

Na ɓare, na ba yarinyar rabi. Na faɗa sau uku. Muryata ta ƙi fita daidai, ni da nake iya muryar kowa.

Da zan tafi ta riƙe hannuna. Ta ce, "Ranar da na mutu, kai za ka sanar. Sai dai matsalarka, ba mai yarda da kai. Za su ce wasa kake."

Na ce, "To sai in zama Farfesa."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙirji. Ta ce, "Zama ko Gwamna ne, in dai za su tsaya su karanta. Amma a ƙarshe ka faɗi gaskiya. Ka san ba na son ƙarya."

Allah Ya dubi idanun da ta tsare, da asirin bayinSa da ta rufa, Ya saka mata da mafificin alheri. Allah Ya ba Nanret da 'yan uwanta haƙuri. Allah Ya jiƙan Baba Sale. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, kowa yadda addininsa ya koya masa. Kuma in akwai tsoho kusa da ku mai yawan cewa komai akwai, ku sayi goro ku je.

Saura gaskiyar da na yi alkawari.

Babu wata cibiya. Babu sakatare, babu taron likitoci. Ofishin da na rufe shagon ɗinki ne, keke biyu da dutsen guga. Jikata ce ta sauya mini suna a shafin nan da safe. Abubakar ɗin kaɗai ne nawa. Ban taɓa shiga aji ba sai makarantar allo, haruffan nan ma da kuke karantawa ita ta koya mini a jikin kwalbar magani.

Ni ne Garba Tela na Takoma Park, wanda ya sa rabinku jiran jakada.

Yau dai ba wasa nake ba. Wallahi Sista ta tafi.